Daga Jemage Zuwa Waliyyi: Waiwaye a Kan Kokawar Masu Rufe Fuska ta Meziko

Yau idan aka ce kokawar Meziko, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne takunkumi mai ƙyalli, da ɗan kokawa mai sauƙin jiki yana dirowa daga saman igiya, da yara a ƙofar Arena México suna jan rigar iyayensu a saya musu fuskar gwaninsu. Mun saba da wannan har muna ɗauka haka abin ya faro, wato mai takunkumi shi ne jarumi, kuma tun asali an raba fage biyu, ga nagari ga mugu. Idan muka koma baya shekara casa'in za mu tarar ba haka aka soma ba. Takunkumin farko a fuskar baƙo aka gan shi, na biyu a fuskar mugu, kuma babban jarumin da ƙasar ta taɓa yi sai da ya kwashe shekara ashirin a sahun 'yan ƙeta kafin ya sauya layi.

Kokawar nuni ta daɗe a Meziko. Tun a 1863, lokacin mamayar sojojin Faransa, ana ambaton wani ƙaƙƙarfa mai suna Enrique Ugartechea da ke nuna kokawa irin ta Turawa, bayansa kuma 'yan kokawar ƙasashen waje sun riƙa zuwa jefi-jefi. Duk wannan share fage ne. Wanda ya sa abin ya zauna da gindinsa shi ne Salvador Lutteroth, tsohon sojan juyin juya hali, wanda aikin gwamnati ya kai shi Ciudad Juárez a bakin iyaka. Daga can yakan tsallaka El Paso ta jihar Texas ya kalli resilin ɗin Amurkawa, ya ga yadda ake cika ɗaki da mutane, ana kuma cika aljihu. Da ya koma birnin Meziko, shi da abokinsa Francisco Ahumada suka kama hayar wani tsohon gidan dambe suka gyara, ranar 21 ga Satumba, 1933 suka yi wasan farko na kamfaninsu, EMLL. Shi ne ake kira CMLL a yau, kuma babu kamfanin kokawa a duniya da ya kai shi daɗewa yana aiki.

A wancan lokacin 'yan kokawar gida ba su da yawa, dole sai an ɗauko daga Amurka. Wannan ƙarancin ne ya haifi labarin farko, ba tare da wani ya zauna ya tsara shi ba: ɗan ƙasa a wannan kusurwa, Ba'amurke a waccan. Mutanen da Amurka ta karɓe wa kusan rabin ƙasa a 1848 ba sa buƙatar a gaya musu wanda za su yi wa ihu.

Cikin baƙin nan akwai Cyclone Mackey, wanda a 1934 ya fito fuska a rufe da sunan La Maravilla Enmascarada. Wani baduku ɗan garin León, Antonio Martínez, wanda sana'arsa ɗinka wa 'yan wasa takalma, shi ya ɗinka masa takunkumin da fata, ya yi masa igiya ta baya irin ta takalmi don kada ya zame. Igiyar nan har gobe tana nan a ƙeyar 'yan kokawa, kuma za mu ga yadda kwance ta ya zama babban al'amari. Shekara huɗu bayan haka, a 1938, ɗan ƙasa ya ɗauki dabarar. Jesús Velázquez ya sa baƙin takunkumi, ya kira kansa Murciélago, wato Jemage, kuma yakan shigo da jemagu na gaske a ɓoye cikin mayafinsa ya sake su a kan 'yan kallo. Ba don a so shi ya rufe fuska ba. Ya rufe ne don a ji tsoronsa, a tsane shi, a kuma biya kuɗi a zo ganin ranar da wani zai tona masa asiri.

Ranar ta zo a watan Yulin 1940. An shirya masa karo da Octavio Gaona, wanda ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, sai Jemage ya kafa sharaɗi: idan shi zai sa takunkuminsa a faifai, to Gaona ma ya sa sumarsa. Gaona ya yi nasara, Jemage ya buɗe fuska. Daga nan aka samu karon caca, wanda ya zama ƙololuwar kowace gaba a kokawar Meziko: takunkumi da takunkumi, suma da suma, ko takunkumi da suma. Wanda ya ci caca da suma an yi masa ƙwal-kwabo a gaban jama'a, wata biyu gashi ya dawo. Wanda ya rasa takunkumi kuwa ya rasa shi ke nan. Zai tsaya tsakiyar dandamali, wani nasa ya kwance masa igiyar ƙeya, ya cire ya miƙa wa wanda ya kayar da shi, sannan a sanar da sunansa na yanka da garinsu da shekarun da ya yi a sana'ar. Hukumar dambe da kokawa ce ke tsare wannan doka. Saboda haka ne idan ana tsakiyar wasa mugu ya fizge wa abokin karo takunkumi, nan take an kore shi, shi kuwa wanda aka yi wa sai ya kifa fuska a ƙasa ya rufe da hannu biyu har a jefo masa tawul. Amma yaga takunkumi ta wajen ido a bar shi yana reto, jini na bin ƙyallen, wannan bai karya doka ba, kuma mugaye sun san haka sarai.

A wannan zamanin ne sunayen sahu biyun suka kafu. Técnico shi ne mai bin ƙa'ida, mai kama-kama da tsalle da dabara. Rudo shi ne mai ƙarfin tuwo da ha'inci, mai tsone ido, mai naushin ƙasan mara idan alƙalin wasa ya juya baya. Ana yin kaye uku, wanda ya ci biyu ya yi nasara, kuma wannan tsari da kansa labari ne: kaye ɗaya ga wancan, ɗaya ga wannan, na uku a raba gardama. Abin da ya kamata mu lura da shi, rudo shi ne bos na fim, wanda in babu shi jarumi ba shi da aikin yi. A cikin sana'ar ma shi ke riƙe da wasan. Duk tsallen da técnico zai yi daga saman igiya, rudo ne ke tsaye a ƙasa yana tare shi da ƙirji don kada ya karye, yana kuma nuna wa jama'a kamar an gama da shi.

Su waye 'yan kallon? Birnin Meziko yana da mutane kusan miliyan ɗaya a 1930, kafin 1950 sun ninka wajen sau uku, akasarinsu talakawa da suka baro ƙauye neman aiki. Jam'iyya ɗaya ce ke mulki tun 1929, kuma ba ta sauka ba sai a 2000. Mutumin da ya yini yana ganin mai gidan haya da ɗan sanda da ma'aikacin ofis suna yin yadda suka ga dama, da dare sai ya biya 'yan sulallansa ya ga mugu yana cin amana ƙiri-ƙiri, alƙalin wasa yana kau da kai. Bambancin kawai, a nan yana da ikon zagin su biyun da iyakar muryarsa. A ganina wannan ne ya sa ba a cika barin nagari ya yi nasara kullum ba. Da an yi haka, da 'yan kallo sun ce ƙarya ake musu.

Cikin wannan yanayi ne Rodolfo Guzmán Huerta, haifaffen Tulancingo a 1917, ya yi ta laluben suna. Ya gwada da dama, har da Jemage na Biyu, wanda mai sunan na asali ya kai ƙara aka hana shi. Ranar 26 ga Yuli, 1942 ya fito da takunkumi launin azurfa da sunan El Santo, Waliyyi. Sunan kamar ba'a ce, domin waliyyin nan rudo ne na bugawa a jarida, kuma da ya haɗu da Gory Guerrero sun zama ƙarfen ƙafa ga duk wanda aka haɗa su da shi. Harka ta buɗe wa Lutteroth. A 1943 ya buɗe Arena Coliseo, a nan ne kuma ranar 7 ga Nuwamba, 1952 Santo ya cire wa Black Shadow takunkumi, jama'a sun cika maƙil har wasu sun rasa shiga. Abokin Black Shadow, wato Blue Demon, ya koma sahun nagari don ɗaukar fansa, ya kuma karɓe kambun duniya daga hannun Santo a 1953. Gabar ta zarce shekaru, kuma cinkoson irin wannan dare na cikin abin da ya sa aka gina sabuwar Arena México mai ɗaukar mutum sama da dubu goma sha shida, aka buɗe ta a 1956.

To, a nan ne abin mamaki ya auku. A 1952 ɗin dai, mai zane José G. Cruz ya soma buga mujallar labari cikin hotuna da Santo a matsayin gwarzo mai riƙon addini, mai ceton raunana daga matsafa da 'yan fashi. Mujallar ta karɓu ƙwarai. Sai ga yaro yana karanta Santo mai ceton marayu da rana, da dare kuma uban yaron yana kallon Santo yana tsone wa mutum ido. Talabijin ma ta soma nuna kokawa a farkon shekarun 1950, amma hukumomin birnin suka dakatar da ita a tsakiyar shekarun, da hujjar yara na kwaikwayo suna ji wa juna ciwo. A zamanin ne kuma aka hana mata yin kokawa a birnin, haramcin da bai ɗagu ba sai a 1986. Da aka rufe ƙofar talabijin, sai silima ta buɗe tata. Santo ya ƙi fim ɗin farko da aka yi masa tayi, amma a 1958 ya tafi Kuba ya yi biyu, aka kammala ɗauka ana gab da shigar Fidel Castro birnin Havana. Daga nan ya yi fina-finai sama da hamsin, yana dambatawa da mata masu shan jini, da likitocin da suka haukace, da busassun gawarwakin Guanajuato. Fina-finan ba su da wani tsada, dodannin ma wani lokaci dariya suke ba mutum, amma sun shiga kowane lungu na ƙasar.

Tun kafin kamfani ya yanke shawara, 'yan kallo sun riga sun yanke tasu. Suna yi wa Santo tafi yana mugunta. A 1962 dai aka bi su, ya koma técnico, bai sake waiwayowa ba. Ya kuma riƙe asirin fuskarsa da gaske. Yana da takunkumi mai buɗaɗɗen haɓa don cin abinci a bainar jama'a, idan za a fita waje ɗaukar fim kuma yakan bi jirgi daban da na abokan aiki don kada su ga fuskarsa a wajen jami'an shige da fice. Wannan tsantseni ne ya ɗaga darajar takunkumi daga kayan tsoratarwa zuwa abin da uba ke bar wa ɗa gado.

Na uku a sahun gwarazan takunkumi, bayan Santo da Blue Demon, shi ne Mil Máscaras, Mai Fuska Dubu, wanda ya fito a 1965, aka ƙirƙire shi da silima a zuciya. Ya kai salon Meziko ƙasar Japan a 1971, shi ne kuma aka fara bari ya yi kokawa fuska a rufe a Madison Square Garden da ke New York. Waɗanda suka kalli resilin a talabijin a Najeriya a da za su tuna shi tare da su Mighty Igor.

A 1975 wasu suka ɓalle daga EMLL, cikinsu har da mai shirya wasa Francisco Flores da ɗan kokawa Ray Mendoza, suka kafa UWA, suka mayar da El Toreo, filin wasan bijimai a bakin birni, gidansu na ranar Lahadi. A nan karon uku da uku ya samu gindin zama, musamman a hannun wasu matasan mugaye uku da ake kira Los Misioneros de la Muerte. A nan kuma Perro Aguayo, wanda bai taɓa rufe fuska ba, goshinsa duk tabo, ya nuna cewa rudo na iya zama abin ƙauna don tsabar jajircewarsa. Su huɗun nan ne Santo ya fuskanta a wasansa na ban kwana ranar 12 ga Satumba, 1982, yana gab da cika shekara 65, tsohon abokinsa Gory Guerrero na gefensa. A ƙarshen Janairun 1984, a wani shirin talabijin, ba zato ba tsammani ya ɗaga takunkumin ya nuna ɓangaren fuskarsa. Ranar 5 ga Fabrairu ya rasu. Da takunkumin aka binne shi, Blue Demon da Mil Máscaras kuma suka zo jana'iza da nasu a fuska.

Zuwa lokacin, takunkumin ya riga ya fita daga dandamali. Wani limamin coci, Fray Tormenta, ya yi shekaru yana kokawa fuska a rufe don ciyar da gidan marayunsa. Bayan girgizar ƙasar 1985 da ta rushe unguwannin talakawa, a 1987 wani ya ɓullo da jan takunkumi da mayafi, ana kiransa Superbarrio, yana tsayawa a ƙofar gidajen da ake shirin korar 'yan haya, yana shiga ofisoshin gwamnati da ƙorafin jama'a. Jami'ai sun rasa yadda za su yi da shi, don duk wanda ya tsaya gaban mai takunkumi yana musu, kowa ya san sahun da ya faɗa.

Babban juyi na gaba talabijin ce ta kawo shi da ta dawo. A 1992 Antonio Peña, wanda ke tsara labarai a tsohon kamfanin, ya fice da taurari da yawa ya kafa AAA da goyon bayan gidan talabijin na Televisa. A da gaba takan ɗauki watanni tana nuna a hankali, ana bin ta a mujallu. Yanzu sai ga makirufo, da cin amanar aboki, da alƙalin wasa irin El Tirantes wanda shi kansa rudo ne a fili, yana saurin ƙirga idan nasa ne a sama, yana jan hannu idan nagari ne. An ƙara fito da gajerun 'yan kokawa da kuma exóticos masu shigar mata. Tsofaffin masoya sun ce an mayar da kokawa wasan yara, kuma suna da 'yar gaskiya, amma wasan Triplemanía na farko a Afrilun 1993 ya tara mutum kusan dubu hamsin.

Peña ya kuma san inda tsohon miki yake. Ya haɗa Eddie Guerrero, ɗan Gory, da Ba'amurke Art Barr a ƙungiyar Los Gringos Locos, suna shigowa da kayan tutar Amurka, suna kwaikwayon iyo a dandamali don yi wa masu tsallaka kogin iyaka ba'a. Ranar 6 ga Nuwamba, 1994 a Los Angeles, kwana biyu kafin a kaɗa ƙuri'a a California kan dokar hana baƙin haure asibiti da makaranta, suka sa sumarsu, El Hijo del Santo, wato ɗan Santo, da Octagón suka sa takunkumansu. Ɗakin cike yake da 'yan Meziko mazauna Amurka. Ɗan Santo da Octagón suka ci, aka aske Amurkawan. A wasan share fage na wannan dare akwai wani yaro ɗan shekara 19 mai suna Rey Misterio Jr.

Bayan haka layin da ya raba sahu biyu ya soma dusashewa, kuma kusan kullum daga kujerun 'yan kallo abin ke farawa. A 1996 CMLL ta mayar da ɗan Santo mugu. An girgiza, an cika Arena México, amma a garuruwa da yawa jama'a sun ƙi yi masa ihu, cikin shekara biyu ya dawo gida. Ranar 17 ga Maris, 2000 Atlantis, gwanin yara, ya kayar da Villano III a karon takunkumi da har yanzu ake misali da shi. Mutumin da sunansa ma Mugu ne ya tsaya ana kwance masa igiya, mahaifinsa Ray Mendoza na gefe, ɗaki ya miƙe yana tafi, wasu na hawaye. Ba a daɗe ba aka mayar da shi técnico, don babu mai sauran zuciyar zaginsa. Sai Místico, wanda aka fito da shi a 2004 da labarin cewa maraya ne rainon Fray Tormenta. Ya cika ɗakuna fiye da kowa a zamaninsa, amma da nasarar ta yi yawa sai wani ɓangare na 'yan kallo ya juya masa baya, matasa suka koma sa baƙaƙen rigunan Perros del Mal, ƙungiyar mugaye ta ɗan Perro Aguayo. A 2014 Rush da La Sombra da La Máscara, waɗanda a takarda nagari ne amma ake musu ihu, suka daina lallashin kowa, suka kira kansu Los Ingobernables, marasa jin magana, suka ce su ba sa wannan sahu ba sa wancan.

Wasan da hukumomin birnin suka taɓa kora daga talabijin, a 2018 su suka ayyana shi cikin kayan gadon al'adun birnin. A Afrilun 2025 kuma WWE, kamfanin resilin na Amurka, ta sanar da sayen AAA. Da ta zo Triplemanía na watan Agusta a birnin Meziko, ta zo da El Grande Americano, wani hali da aka ƙirƙira a Amurka don yi wa kokawar masu takunkumi shaguɓe, wanda kowa ya san Bajamushe ne a ciki. An haɗa shi da wasu a babban karo da El Hijo del Vikingo, ɗan ƙasa, mai riƙe da kambu, wanda aka tsara shi ne jarumin dare. Vikingo ya riƙe kambunsa kamar yadda aka shirya, jama'a na yi masa ihu, suna rera sunan Bajamushen.